Kwanukan da Muka Mayar a Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a ɗakin malamai ba. Wannan ya ce in ba shi labarin burodin Faransa, wancan ya ce wai da gaske ne jandarma ya tsare ni saboda littafi. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa guntun da ya ji yake ɗauka ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga farko. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, 'yan'uwanta maza biyu ne. Babban shi ne Kawu Hammadu, mai sayen fata da ƙiraga a Jimeta, gidansa na cikin garin Yola. Ƙaramin shi ne Kawu Sali, wanda aka kai riƙo Garwa, can ƙetaren iyaka, tun yana ɗan shekara bakwai, ya yi makarantar Faransa, ya zama akawu a tashar jirgin ruwa. A Yola idan ana son kwatanta mutum mai kunya da kawaici, sunan Kawu Hammadu ake kira. Ba ya ɗaga murya. In an ɓata masa rai ba ya ramawa, tashi yake ya bar wurin. Ni da nake ɗan ƙanwarsa, na haura talatin ban taɓa ganin yana tauna abu ba. Abinci yakan shiga ɗakinsa a rufe, kwano ya fito a rufe. Ko goro zai ɓara sai ya juya fuska.

Abin da kowa ya sani a danginmu shi ne, shekara goma sha tara da suka wuce Kawu Hammadu ya je Garwa ganin ƙaninsa da ya yi sabon aure. Bai kwana ba ya juyo. Tun daga ranar bai ƙara ambaton sunan Sali ba, shi ma Sali bai ƙara tako Yola ba. In an tambayi Kawu me ya faru sai ya ce ba komai. Ƙarshen maganar ke nan.

A tsakiyar daminar nan, lokacin da Binuwai ta cika jirage suka fara hawowa, wani ma'aikacin jirgi ya kawo wa Dada wasiƙa daga matar Kawu Sali. Ta ce ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta dawo amma ƙarfi bai dawo ba. Dada ta aike ni na karanta wa Kawu Hammadu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya sawwaƙe, sannan ya tambaye ni ko dawarmu ta fara bunni. Na koma gida raina a ɓace. Bayan kwana biyu sai ga saƙo: wai zai tafi Garwa duba kasuwar fata, yana son wanda ya iya rubutu saboda takardun kan iyaka. Kowa ya san ba a sayen fata da damina, don ba ta bushewa. Ba wanda ya tanka.

Da na je sallama Dada ta ce mini, "Ka bi shi, Aminu. Kada ka ce masa komai. Amma kada ka dawo mini da shi yadda ya tafi." Na fito ina tunanin yadda ake haɗa waɗannan umarni biyu.

Ni ma da tawa damuwar na tafi, ko da yake ƙarama ce. Adabin Turanci nake koyarwa. A zangon da ya wuce wata ɗaliba mai suna Asta ta tambaye ni a aji. Ta ce littattafai biyu muka karanta, a ɗayan mutane sun fi mutuwa, amma ɗayan ne aka ce mana shi ne tirajedi, wato labarin da ke ƙarewa da faɗuwar babban mutum. To me ya raba su, in ba mutuwa ba ce? Na zazzago mata abin da na haddace a kwaleji. Ta rubuta cikin ladabi, amma na ga ba ta gamsu ba, kuma gaskiyar magana ni ma ban gamsu ba. Sai na jefa littafin a jaka, na ce ko a hanya zan gano.

Muka shiga babbar mota a tashar Jimeta da hantsi. Direban, Sande, mutumin Kudu ne da ya daɗe a nan, Hausarsa rabi da rabi da Turancin kasuwa. Aka ba Kawu gaba saboda girmansa, ni kuwa aka cusa ni baya tsakanin buhunan gishiri da wata Babarbariya mai sayar da turare, Ya Falmata. Kafin mu kai Fufore ta san sunana, da aikina, da dalilin da ya sa har yanzu matata ɗaya. Ni ban samu na tambaye ta komai ba.

Bayan Fufore kaɗan motar ta kafe a taɓo. Sande ya ce duk namiji ya sauka ya tura. Na naɗe wando na sa kafaɗa, motar ta yi ƙugi ta watso mini laka har baki, takalmina na dama ya nutse. Na laluba har gwiwar hannu ban same shi ba, yana nan har yau ga mai so. Motar ma ba ta fita ba. Muka koma gindin wata tsamiya muna jiran wata motar ta zo ta ja mu.

Ya Falmata ta kwance ƙunshin dambu da soyayyen nama ta rarraba wa kowa. Da aka miƙa wa Kawu sai ya ce alhamdulillahi, a ƙoshe yake. Na san tun asuba ko ruwa bai sha ba. Ya koma gefe ya zauna a kan buzunsa da carbi. Ni kuma na fito da littafina, sai Ya Falmata ta ce ba a karatu a ɓoye cikin mutane, in faɗa musu abin da ke ciki.

Na ba su a taƙaice. Wani tsoho ne a ƙasar Turawa, mai sassaƙa jiragen ruwa, wanda duk garin suka san ba ya saɓa magana. In ya ce jirgi zai gamu ran kaza, to ya gamu. Suka sami saɓani da ɗansa guda ɗaya, ya ce ba zai ƙara sauraronsa ba sai ya zo da ƙafarsa ya nemi gafara. Yaron ya tafi aikin teku, yana aiko da wasiƙu, tsohon yana jera su a akwati bai buɗe ko ɗaya ba, don ya riga ya yi magana. Matarsa ta roƙe shi, abokinsa ya roƙe shi. Ran nan labari ya zo jirgin da yaron ke ciki ya nutse. A ranar ya buɗe akwatin, ya tarar tun wasiƙar farko gafara yaron ke nema, yana cewa kunya ce ta hana shi zuwa.

Sande ya girgiza kai ya ce ai wannan ajali ne, in lokaci ya yi ko an buɗe takarda ko ba a buɗe ba ruwa zai ci mutum. Ya Falmata ta juyo kansa.

"Ajali dabam, wannan dabam," in ji ta. "Yanzu motan nan naka in ya faɗa ruwa muka mutu duka, mutane za su yi kuka kwana bakwai, shi ke nan. Babu wanda zai zauna yana cewa da ma na yi kaza. Amma wannan tsoho, takarda yana hannunsa. Kullum yana hannunsa."

Ta ɗaure bakin ƙunshinta, sannan ta ƙara da cewa da mugu ne da ta ce Allah ya ƙara, ta ci namanta. Abin da ya ƙona mata rai shi ne mutumin kirki ne, irin wanda za ka so ya zama maƙwabcinka. Na ciro fensir na rubuta maganarta a gefen shafi. Ba na jin kunyar faɗa, abin da na yi shekara uku a kwaleji ban kama ba, mai turare ta ba ni shi a gindin tsamiya, ƙafata ɗaya ba takalmi. Da na waiwaya wajen Kawu, idonsa na ƙasa kamar bai ji ba, amma carbin ya tsaya a hannunsa.

Sai bayan la'asar aka ja mu, muka kwana a Gurin, a gidan wani abokin cinikin Kawu. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka da kindirmo mai kyau, na Kawu aka kai masa bukka dabam kamar yadda aka san yana so. Mai gidan ya ba ni aron wani takalmin fata da ya fi ƙafata da yatsa biyu. Da safe bayan mun dawo daga masallaci, muna tafe mu biyu, Kawu ya yi gyaran murya. Da Fillanci muke magana da shi, ina mayarwa ne da Hausa.

"Mutumin littafin nan naka, ya taɓa cin haƙƙin wani?"

Na ce a'a.

"To me ya sa mai littafin ya yi masa haka?"

Na ce a ganina ba mai littafin ne ya yi masa ba. Halin da ake yabonsa a kai, shi ne ya riƙe har ya wuce wurin da ya kamata ya sake shi. Kawu ya yi 'yan taku, sannan ya ce mai littafin nan ba shi da tausayi. Daga nan ya koma zancen kwale-kwale.

Kogin Faro ya cika ya yi ja. Masu fito suka loda mu da buhuna da awaki biyu da keke. Ni da na girma a bakin Binuwai ina taƙamar na san ruwa, amma da muka kai tsakiya na riƙe gefen jirgin har yatsuna suka yi fari. Ya Falmata na ta cinikin turare da wata mata kamar a rumfarta take.

A ƙetare, a Beka, muka iske jandarmomi da gajeren wando da hula mai baki. A nan ne aka ce za a ga amfanina. Na gyara tsayuwa na miƙa takardunmu da katin lambar rigakafi, na gaishe da jandarman da Turancin da nake alfahari da shi. Ya dube ni kamar na yi atishawa. Ya zazzage jakata, ya ɗauko littafin, ya ga rubutun fensir a gefe, sai ya tsuke fuska ya shiga yi mini Faransanci yana nuna shafin. Na yi bayani, ya ƙara ɗaure fuska. Ya nuna mini benci na zauna. Sai Kawu ya matso a hankali ya gaishe shi da Fillanci, ya tambayi gajiyarsa da iyalinsa. Ashe mutumin yana ji sarai. Kawu ya ce masa yaron malamin makaranta ne, littafin kuma labarin wani tsoho ne mai taurin kai, ba siyasa a ciki. Jandarman ya yi dariya ya ce irin su suna da yawa a garinsu, ya buga hatimi. Aikin da aka ɗauko ni in yi ke nan, kuma haka ya ƙare.

Daga Beka muka shiga wata motar. Da ta hau hanya na ga direban ya kama hannun dama ya miƙe, ga wata mota tafe. Na dafa kafaɗarsa da ƙarfi ina salati. Motar ta wuce ta hagunmu lafiya lau, fasinjoji suka yi ta dariya. Su a can ta dama ake tuƙi, ba kamar mu da muke bin hagu ba. Ya Falmata ta ce in na koma in sa wannan ma a gefen littafi.

Garwa gari ne mai tsabta, da itatuwa a jere bakin titi. Fillancinsu namu ne, sai dai suna tsoma Faransanci yadda muke tsoma Turanci. Burodin da kuke tambaya gaskiya ne: dogo ne kamar sanda, ba a naɗe shi, mutum ya saƙale shi a hammata ya hau keke. Bayansa tauri, cikinsa iska. Gahawa suke sha da safe a kofin gilashi, ba shayi ba. Musabaha kuwa ba ta ƙarewa, in ka fita ka dawo bayan minti goma sai an sake ba ka hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da rana ta take sai a rufe ofis da kanti, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai wajen la'asar a buɗe. Na ce da za a kawo mana wannan Yola da ban ƙi ba.

A tasha muka rabu da Ya Falmata, ta cusa mini ƙullin turaren wuta in kai wa matata. Na zaci gidan Kawu Sali za mu nufa. Ina. Kawu ya kai mu masaukin fatake a unguwar Fulɓere, gidan wani Alhaji Bakari. Kwana biyu cur yana jana kasuwa muna duba fatun da ba su bushe ba, yana juya su yana tambayar farashi, wari na neman kashe ni. Na bincika na gano gidan Kawu Sali bai fi tafiyar minti biyar daga masaukinmu ba. Duk fitar da za mu yi sai Kawu ya zaga ta bayan masallaci don kada mu bi ta layin. Ya ƙetare kogi da iyakar ƙasa, amma wannan layin ya gagare shi. Na ji haushinsa, kuma na ji tsoro, don mai irin ciwon Kawu Sali ba a san gobensa ba.

A rana ta uku na ce zan je aski, na zarce gidan. Na iske Kawu Sali a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, an jingina shi da matashi. Kamarsu ɗaya da Dada, har na ji ƙwalla ta zo mini. Bakinsa ya ɗan karkace amma ana jin maganarsa. Da na ce tare muke da yayansa sai ya kau da kai ya ce Hamma, haka yake kiran Kawu Hammadu, ya san hanya. Matarsa, Goggo Fanta, ta ja ni madafa, a can na ji abin da aka yi shekara goma sha tara ba a faɗa ba.

Ta ce ranar da aka ce babban wa zai zo, tun asuba take girki. Sali ya ce ba za a saukar da Hamma kamar kowane baƙo ba, za a karrama shi yadda ya ga ana karrama manya a wurin aikinsa. Ya sayi tebur da kujeru, ta aro faranti da cokula, aka shimfiɗa farin ƙyalle. Aka zaunar da Hamma a kujerar tsakiya, ita ta zauna a gabansa ta zuba masa da hannunta. Ya dubi farantin, bai taɓa ba. Can ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya fita. Tun ranar Sali ya sa a ransa cewa yayansa na ganin ya zama Nasara, abincin gidansa ba ya halatta. Ya sa aka jefa teburin ɗakin ajiya, bai ƙara cin abinci a kansa ba.

Na koma masauki ban yi askin ba. Dada ta ce kada in ce komai, amma ta kuma ce kada in dawo da shi yadda ya tafi, na ga dole in saɓa ɗaya. Na durƙusa gaban Kawu na ce na je gidan, na ga jikin, kuma na ji zancen tebur. Na ɗauka zai tashi ya bar mini wurin. Sai ya yi magana, a hankali, yana kallon tabarma.

"Ya ɗora ni a kujera kamar ɗan kallo. Matarsa a gabana tana dubana. Ni in buɗe baki in tauna a gaban matar ƙanina? Ya yi ne don ya nuna mata yayansa baƙauye ne, bai iya cokali ba."

Na ce, "Ka faɗa masa haka, Kawu?"

"Wannan abin faɗa ne? Uwarmu ɗaya. Ya sani."

Na ce bai sani ba. Yana da shekara bakwai ya bar Yola, a gidan ma'aikata ya tashi. Sannan na faɗa masa abin da Kawu Sali ya ɗauka. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da ba ya yi.

"Shekara goma sha tara yana zaton na fitar da shi daga addini?"

Na ce haka ne. Ya juya ya fuskanci bango, yinin ranar bai fita kasuwa ba. Na zauna ina zargin kaina, ina ganin na ɓata abin da da ma a ɓace yake.

Washegari da rana ta take, lokacin da gari ya yi tsit, aka yi sallama aka shigo da kwanuka uku a rufe cikin tire, an lulluɓe da ƙyalle mai ado. Goggo Fanta ce ta aiko wa baƙo abinci, yadda ake yi ko'ina a ƙasarmu. Ƙamshin ya cika ɗakin. Kawu ya daɗe yana kallon tiren. Sannan ya miƙe ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki sanda, ya ce mini, "Ɗauki."

Ku da kuke karantawa kun san abin da ake nufi da mayar wa mutum abincinsa ba a taɓa ba. Bayan wannan babu sauran zumunci. Na ce, "Kawu, don Allah," ya ce in ɗauka. Na ɗauka. Wannan karon bai zaga ta bayan masallaci ba. Yana gaba ina biye da tire a ka, takalmin aro na ta faɗuwa daga ƙafata, ina ji kamar gawa na ɗauko.

Goggo Fanta na tsakar gida muka shiga. Ta ga kwanukan yadda ta aika su, ta dafa bango. Kawu Sali ya gan su, ya rufe ido. Kawu Hammadu ya tsaya a tsakiyar gidan, bai dubi kowa ba, ya ce da ni, "Aminu, tambayi goggonka ina teburin nan."

Yana ɗakin ajiya, an shanya albasa a kai, gara ta ci ƙafa ɗaya. Muka kwashe albasar ni da Goggo, muka fito da shi ƙarƙashin rumfa, na sa dutse na tokare ƙafar. Kujeru biyu suka rage, aka aro ɗaya a maƙwabta. Na ɗaga Kawu Sali na zaunar da shi, ba shi da nauyi ko kaɗan. Kawu Hammadu ya tattara rigarsa ya hau kujerar tsakiya.

"Ka ce wa goggonka ta zauna inda ta zauna wancan karon," in ji shi. "Ta zuba."

Ta zauna a gabansa ta zuba. Shinkafa ce da miyar kifi. Ya ɗauki cokali ya jujjuya shi, ya ajiye, ya nemi ruwa ya wanke hannu. Ya yi bisimilla. Ina tsaye a gefe na ga Kawu Hammadu ya kai loma baki ya tauna, a gaban matar ƙaninsa, a gaban ɗan ƙanwarsa, da rana tsaka. Zufa na keto masa daga ƙarƙashin hula tana bin gemu. Idonsa bai bar farantin ba. Na san yadda abin ke masa, da a ce ya tuɓe riga a kasuwa da ya fi masa sauƙi. Ni na kasa kallo, na mayar da idona kan dutsen da na tokare teburin.

Kawu Sali hawaye na zuba ta gefen bakinsa da ya karkace, ya ce, "Hamma, ya isa."

"Ban ƙoshi ba," in ji Kawu Hammadu, ya tura farantin gaban Goggo Fanta. Ta ƙara masa tana kuka tana dariya. Sai da ya cinye ya wanke hannu, sannan ya juya ya dubi ƙaninsa.

"Abincinka halal ne, Sali. Ran nan ma halal ne. Kunya ce ta hana ni, ita kuma ta hana ni faɗa."

Karo na farko ke nan cikin shekara goma sha tara da na ji sunan a bakinsa.

A ranar muka kwaso kayanmu daga gidan Alhaji Bakari. Mun yi mako guda. Kada ku zaci Kawu ya sauya hali, washegari ma ya koma cin abincinsa a ɗaki, ƙofa a rufe, teburin kuma ya koma wa albasa. Amma kullum da hantsi yakan zauna kusa da Kawu Sali yana murza masa hannun da ya shanye da man shanu, suna zancen mutanen Yola da suka mutu da waɗanda suka rage. Kafin mu taho Kawu Sali ya fara tsayawa da sanda. An yi alkawari in ruwa ya janye hanya ta bushe za a kawo shi Yola ya ga Dada. Ko fata ɗaya ba mu saya ba.

A hanyar dawowa babu abin labari, sai dai jandarman Beka ya gane ni ya tambayi lafiyar tsoho mai taurin kai. Ban san wanne yake nufi ba, na ce yana samun sauƙi.

Da aka koma makaranta na kira Asta na ce ta goge abin da na sa ta rubuta. Na ce mata ba yawan mutuwa ba ne. Mutum ne na kirki wanda kake so, da hali mai kyau da ya riƙe fiye da kima, ga mafita a hannunsa kullum, kuma ba ya ganewa sai ranar da ganewar ba ta da amfani. Ta tambaya, to in ya gane da sauran lokaci fa? Na ce sai littafin ya zama wani iri, kuma ni na fi son wannan irin, ko da ba ya zuwa a jarrabawa.

Amma kafin duk wannan, ranar da muka sauka Jimeta, ban ko je gidana ba na wuce Yola wajen Dada. Na same ta tana tsince wake a faifai. Na shirya labari tun daga taɓon Fufore, da kogi, da jandarma, da jikin Kawu Sali. Ta bari na gama gaisuwa, ba ta ɗago ba, ta yi mini tambaya ɗaya.

"Ya ci?"

Ashe ta daɗe da sanin abin da ya raba su. Na ce, "Ya ci, Dada. Har ya nemi ƙari."

Ta ajiye faifan a ƙasa, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska.